Kundin Aikin Koyar da Jinyar Ciwon Dasashi a Zariya

Litinin, 11 ga Nuwamba, 2024

Yau muka buɗe darasin ciwon dasashi da ɗaliban shekara ta biyu, su 24, waɗanda idan Allah ya nufa za su fita a matsayin jami'an kula da lafiyar baki da haƙori. Shugaban sashe ya nemi in riƙa rubuta yadda aikin yake tafiya, domin bana mun sauya tsari: maimakon a ƙare karatun allo baki ɗaya sannan a shiga ɗakin jinya, za mu riƙa gwama su tun da wuri.

Na fara da tambayar da nake buɗe wannan darasi da ita kowace shekara, wato wane ne a cikinsu yake ganin jini idan ya tofar bayan ya goge baki. Aka yi jim, sannan hannu ɗaya ya tashi, daga baya kusan rabin ajin suka bi sahu. Wani ya ɗora laifin a kan taurin buroshinsa, wata kuma ta ce kakarta ta gaya mata mugun jini ne yake fita, saboda haka alheri ne. Na ce musu lafiyayyen dasashi ba ya jini don an goge shi, kamar yadda lafiyayyar fata ba ta jini don an cuɗa ta da soso. Daga nan muka rarrabe abubuwa biyu da jama'a suke haɗawa a suna ɗaya. Akwai kumburin da ya tsaya a dasashi kaɗai, wanda yake warkewa sarai idan an kawar da sanadinsa, akwai kuma ciwon da ya gangara ya ci zaruruwan da ke ɗaure saiwar haƙori da ƙashin muƙamuƙi, wanda ana iya tsayar da shi amma ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa nau'i mai tsanani na wannan na biyun yana jikin kimanin kashi 19 cikin 100 na manya a duniya, wato mutum fiye da biliyan ɗaya.

Sauran lokacin a kan kalmomi ya ƙare, kuma ban yi da-na-sani ba. Littattafanmu da Turanci suke, amma majinyatanmu daga Ƙofar Doka da Tudun Jukun da ƙauyukan hanyar Soba suke zuwa. Mun amince mu riƙa kiran farar dauɗa mai laushi da ke manne wa haƙori dauɗa kawai. Wadda ta daskare ta yi tauri kuwa, wata ɗaliba daga Gyallesu ta ce ai wannan ƙanzo ne, kuma ajin ya karɓa nan take. Gurbin da ke buɗewa tsakanin haƙori da dasashi, wanda littafi yake kira aljihu, mun bar shi a rami, domin duk dattijon da aka ce masa yana da aljihu a baki dariya zai yi.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, 2024

Na umarci kowa ya goge baki iyakar ƙwarewarsa kafin ya fito daga gida, sannan na raba musu ƙwayar rini da ke kama dauɗa ta mayar da ita ja. Da suka tauna suka kurkure suka dubi madubi, ajin ya kaure da ihu da dariya, saboda jan layi ya kwanta a gindin haƙoran kusan kowa, musamman ta ɓangaren harshe da tsakanin turame. Waɗanda suka fi cika baki da safe su ne suka fi rufe baki da hannu.

Bayan hayaniya ta lafa na ba su labarin gwajin da Harald Löe da abokan aikinsa suka buga a 1965 a ƙasar Denmak. Sun sa matasa masu lafiyayyen dasashi su daina goge baki gaba ɗaya, cikin kwana 10 zuwa 21 kumburi ya bayyana ga dukkansu, da suka koma gogewa kuma ya baje cikin kamar mako guda. Wasu samarin ajin suka ce a bar su su maimaita gwajin a kansu. Na hana, domin abin da aka riga aka tabbatar ba ya bukatar mu zauna mako uku a aji ɗaya da baki 24 da ba a wanke ba.

Talata, 3 ga Disamba, 2024

Wannan makon na tsinken awo ne, kuma a ganina duk cikin kayan aikinmu babu wanda ya kai shi muhimmanci, ko da yake shi ne ɗalibai suka fi rainawa. Wanda muke fara koyo da shi shi ne na Hukumar Lafiya ta Duniya, mai ɗan dunƙule a baki wanda kaurinsa rabin milimita ne, da baƙin zane daga milimita 3.5 zuwa 5.5. A lafiyayyen baki tsinken ba ya nutsewa fiye da milimita 3, saboda haka baƙin zanen yana nan a waje duka. Idan ya fara shigewa, rami ya samu. Idan ya ɓace gaba ɗaya, ramin ya kai milimita 6 ko ya wuce.

Wahalar tana ga nauyin hannu. Ƙa'ida ita ce a danna da ƙarfin da bai wuce giram 20 zuwa 25 ba, amma faɗin wannan a aji bai taɓa koya wa yatsu komai ba. Don haka na aro ƙaramin sikeli irin na masu sayar da gwal, na sa kowane ɗalibi ya rufe ido ya danna tsinken a kai da ƙarfin da yake jin ya dace da dasashin mutum, abokinsa kuma ya karanta lambar. Da yawa sun ninka ƙa'idar sau biyu, wani saurayi mai hannun noma ya kusa ninka ta sau huɗu, kuma ya rantse shi shafa kawai ya yi. Irin wannan hannu yana huda gindin ramin, ya fitar da jini inda babu ciwo, ya rubuta zurfin da babu shi. Na nuna musu dabarar da za su tafi da ita inda babu sikeli, wato mutum ya sa bakin tsinken a ƙarƙashin farcen babban yatsansa ya danna har wurin ya yi fari ba tare da ya ji zafi ba.

Da rana suka auna junansu. Cikakken awo wuri shida ne a kowane haƙori, uku ta waje uku ta ciki, saboda haka mai haƙori 28 yana da lamba 168 da za a rubuta masa, kuma mai rubutu yakan gaji kafin mai awo. Ɗalibai biyu sun sami bambancin milimita 2 a wuri guda, suka kawo mini ƙara, kowa yana cewa nasa ne daidai. Da na duba sai na ga ɗaya ta karkatar da tsinken maimakon ta bi tsayin saiwa. Sai da suka maimaita sau uku kafin lambobinsu suka haɗu.

Laraba, 11 ga Disamba, 2024

Mun bi rabe-raben ciwon da aka amince da shi a taron masana na Shikago a Nuwambar 2017, aka buga a 2018. Mataki huɗu ne da ke nuna yawan ɓarnar da aka riga aka yi, da daraja uku, A da B da C, da ke nuna saurin da ciwon yake tafiya. Asarar milimita 1 zuwa 2 na abin da ke riƙe da haƙori mataki na ɗaya ne, 3 zuwa 4 na biyu, daga 5 zuwa sama kuma na uku ko na huɗu. Mai shan kara 10 na sigari a yini ko fiye, da mai ciwon suga wanda awon sugar jininsa na wata uku ya kai kashi 7, daraja ta C ake ba su, wato mafi sauri. Na ja kunnensu game da masu shan taba, domin dasashinsu ba ya saurin jini, sai ciwon ya ɓuya a bayan launi mai kama da na lafiya.

Don su gane dalilin daraja, na kawo binciken da Löe ya yi a kan ma'aikatan gonakin shayi na Siri Lanka, waɗanda ba su taɓa ganin likitan haƙori ba. Kimanin kashi 8 cikin 100 ciwon ya cinye su da sauri, kashi 81 ya tafi da su a hankali, kashi 11 kuma bai wuce kumburi ba. Dauɗar ɗaya ce, jikin da ya karɓe ta ne ya bambanta. Ra'ayina dai shi ne tsarin yana da kyau, amma an gina shi a kan zaton kowane majinyaci yana da hoton ƙashi da takardar gwajin jini, alhali yawancin namu kuɗin mota ma da ƙyar suka haɗa. Na ce musu su rubuta abin da tsinke da tambaya suka ba su, kada rashin hoto ya hana fara jinya.

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

An dawo hutu cikin tsananin hunturu, yatsu duk sun ƙage, ga shi aikin makon na yatsu ne. Mun dasa haƙoran da aka cire, bayan an turara su, a cikin filasta, muka shafa wa saiwoyinsu jan farce gauraye da ɗan yashi a madadin ƙanzo. Makankaran da muke amfani da su na Gracey ne, kowanne da wurinsa: mai lamba 1/2 na haƙoran gaba, 11/12 na fuskar turmi da ke kallon gaba, 13/14 na wadda ke kallon baya. Gefe ɗaya ne kawai yake yanka, kuma rabin kuskuren ɗalibi daga riƙe shi a juye yake farawa. Sauran rabin daga rashin madogara ne, domin wanda bai kafa yatsansa a kan haƙori ba kafin ya ja, ranar da ƙarfen ya suɓuce a naman mutum zai tsaya.

Ɗaliban sun fi ɗokin na'urar wanki mai girgiza, kuma ba laifinsu ba ne, tana da sauri. Biyu gare mu, yau kuma wuta ta ɗauke tun hantsi. Na ce musu yawancinsu ƙananan asibitocin karkara za a tura su, inda ƙarfen hannu da dutsen wasa shi ne abin da ba zai ba su kunya ba. Mun ɓata awa biyu a kan wasa kaifi, saboda dakusasshen makankari ba ya cire ƙanzo, goge shi yake yi ya yi santsi, har mai aiki ya zaci ya gama. Mun kuma maimaita ƙa'idar tukunyar turara kaya, wato digiri 134 na minti 3 ko digiri 121 na minti 15, kuma duk wanda na kama ya tsoma ƙarfe a ruwan magani ya ce ya wadatar, ya faɗi wannan darasi.

Laraba, 29 ga Janairu, 2025

Mun fara karɓar majinyata na gaske, kowane ɗalibi a ƙarƙashin idona ko na likitan sashe. Wanda zan fi bibiya a wannan kundi wani dattijo ne mai sayar da hatsi a kasuwar Sabon Gari, wanda ya zo a cire masa haƙorin gaba na ƙasa da ke girgiza, ya kuma ce iyalinsa sun fara yi masa maganar warin baki. Ɗalibar nan ta Gyallesu ce ta karɓe shi. Haƙoransa sun rine da goro, bayan haƙoran gaba na ƙasa kuma ƙanzo ya haɗe su wuri guda kamar an yi musu yaɓe, har ba a ganin tsakaninsu. A turamen sama tsinke ya nutse milimita 6, wani wurin 7, jini yana biyo shi kusan ko'ina, da ɗan mugunya a wuri biyu.

Ta yi abin da na ji daɗinsa ƙwarai. Maimakon ta tambaye shi ko yana goge baki, wanda kowa zai ce e, sai ta ce, "Baba, don Allah nuna mini yadda kake yin asuwaki." Ya zaro shi daga aljihun gaba, ya goga a fuskar haƙoran gaba daga dama zuwa hagu da ƙarfi, ya ce sau biyar yake yin haka kullum, kowace alwala. Gaskiya ya faɗa, domin fuskar waje tas take, har dasashin fiƙoƙinsa ya janye saboda dirza. Amma asuwakin bai taɓa zagayawa ciki ba, wurin da magudanan miyau na ƙarƙashin harshe suke buɗewa, inda ma'adinan miyau suke daskarar da dauɗa cikin 'yan kwanaki. Ba mu ce ya jefar da asuwaki ba, kuma ban yarda ɗalibina ya faɗa wa Musulmin Zazzau haka ba. Ta koya masa ya tausasa bakinsa sosai, ya kwantar da shi a gindin haƙori ya share daga dasashi zuwa tsini, ya bi ciki kamar yadda yake bin waje, da dare kuma ya ƙara da buroshi mai laushi da man goge baki.

Da ta zurfafa tambaya sai ya ce an taɓa gaya masa yana da suga shekarun baya, yana shan magani idan ya ji jikinsa ba daidai ba. Na tara sauran ɗalibai daga baya na yi musu bayani cewa ciwon suga yana ninka haɗarin ciwon dasashi kusan sau uku, kumburin dasashin kuma yana ƙara wahalar da saukar suga, har bincike ya nuna jinyarsa tana rage awon wata uku da kimanin 0.4. Mun ba shi takardar gwajin jini, likita ya ce a dakata da cire haƙorin, za a wanke abin da ke saman dasashi yau, ƙarƙashin dasashi kuma a zama biyu mako mai zuwa.

Alhamis, 13 ga Fabrairu, 2025

Dattijon ya dawo ba ranar da aka ba shi ba, ransa a ɓace. Ko zama bai yi ba ya ce, "Malama, na zo da haƙorana a haɗe, yarinyar nan ta raba mini su. Yanzu iska tana shiga, ruwan alwalar asuba kuma kamar an soka mini allura." Ya buɗe baki ya nuna mini, kuma abin da ya faɗa haka yake. Kumburi ya sauka, dasashi ya koma inda ƙashi ya tsaya, sai ga ƙofofi tsakanin haƙoran, wanda ke girgiza kuma ya ƙara sakewa tunda ƙanzon da ya tokare shi ya tafi. Ɗalibar ta koma bayan labule tana share hawaye.

Laifin nawa ne. Na duba awonta, na duba riƙon ƙarfenta, na shafa saiwoyin na tabbatar babu sauran ƙanzo, amma ban tambaye ta ko ta gaya masa abin da zai gani bayan wanki ba. Daga irin wannan sakacin ne maganar da ta bazu a gari ta samo asali, cewa wankin haƙori yana sa haƙori girgiza. Na zaunar da shi na ce, "Baba, ka san katangar da damina ta ci gindinta, aka tara mata shara tana jingine da ita. Idan aka kwashe sharar za a ga ɓarnar, amma ba mai kwashewar ne ya yi ta ba, kuma da an bar sharar, danshinta ne zai ƙarasa katangar." Ya yi shiru, sannan ya ce da an faɗa masa haka tun farko da bai kwana yana tsine wa kowa ba. Mun shafa masa maganin rage tsami, muka ce ya riƙa sirka ruwan alwala, ya bar man goge bakin ya ɗan jima a wurin kafin ya tofar.

Daga yau na ƙara layi a takardar gwajin ɗalibai. Kafin ƙarfe ya taɓa baki, sai an ba majinyaci madubi ya ga ƙanzonsa da idonsa, an gaya masa da Hausa cewa zai ga ƙofa kuma zai ji tsami na ɗan lokaci, shi ma ya maimaita da bakinsa.

Talata, 18 ga Fabrairu, 2025

Wata uwa daga wani ƙauye a hanyar Giwa ta kawo ɗanta mai shekara 4, ramamme, bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba. Tsinin dasashin da ke tsakanin haƙoransa ya zagwanye ya yi toka-toka, ga wari da ake ji tun daga ƙofa. Na dakatar da duk aikin ɗakin na kira ɗalibai su gani, saboda wannan gyambon dasashi shi ne mafarin cutar noma, wadda sunanta bai da alaƙa da aikin gona, kuma idan aka yi sake cikin 'yan kwanaki take huda kumatu. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu tamowa. A Sakkwato akwai asibiti na musamman dominta tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi wa sakaci, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Likita ya fara masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, aka share wurin a hankali, aka rubuta musu takarda zuwa asibitin koyarwa na Shika saboda tamowar. Wannan ba bakin da ɗalibi zai kankare ba ne. Aikinsa ya gane shi, ya kira likita a ranar.

Litinin, 10 ga Maris, 2025

Azumi ya kai kwana goma, kuma majinyata sun ragu sosai, saboda mutane suna tsoron ruwan wanki ya wuce maƙogwaro. Wasu ma asuwakin suke bari da rana, alhali a mazhabar Malikiyya da muke bi ya halatta ga mai azumi duk yini, ɗanyensa ne kawai aka karhanta. Mun mayar da lokacin na tattauna takardun majinyata. Wata hajiya da dasashinta ya yi tozo ya rufe rabin haƙori ta rikita ɗalibin da ya auna ta, har ya rubuta mata mataki na uku, alhali maganin hawan jini na amlodifin ne ya kumbura naman, ƙashinta kuwa lafiya lau. Zurfin rami daban, asarar abin da ke riƙe da haƙori daban, kuma na lura har yanzu kusan sulusin ajin suna cakuɗa su.

Abin da ya fi damuna shi ne saurin da suke yi wajen ambaton magani. Majinyata suna zuwa sun riga sun sha Flagyl daga kemis, ɗalibai kuma suna son su sallame su da kwalbar ruwan kurkure baki na kuloheksidin. Yana da amfani na mako ɗaya ko biyu bayan jinya, amma idan ya daɗe yana rina haƙori, musamman ga masu shan shayi, kuma ba ya isa gindin ramin milimita 6, balle ya narkar da ƙanzo.

Talata, 8 ga Afrilu, 2025

Mun dawo daga hutun Sallah, kuma makon sake awo ne ga waɗanda jinyarsu ta kai wata biyu. Mutum 19 muka ba rana, 8 suka zo. Dattijon Sabon Gari yana cikinsu, kuma da kansa ya nemi ɗalibar da ta yi masa aiki. Ta sake cike lambobinsa duka, ni ina rubutawa. Jini ya ragu ƙwarai, mugunya ta ɗauke, yawancin ramukan sun dawo milimita 4 ko ƙasa, tsamin ma ya ce ya daina jinsa tun tsakiyar azumi. Wuri biyu a turmin sama na dama suna nan a milimita 6, kuma tsinke yana shiga tsakanin rassan saiwa, saboda haka likita ya ce wannan ya wuce hurumin ɗalibi, za a tura shi Shika a duba ko sai an buɗe dasashin. Haƙorin gaba yana nan da sauran girgiza amma yana tauna da shi. Takardar gwajin suga kuwa tana aljihunsa a ninke tun Janairu, ya ce bayan Babbar Sallah. Ɗalibar ta nuna masa a madubi wani siririn sabon ƙanzo da ya fara taruwa a bayan haƙoran ƙasa, ta kankare shi, ta ba shi rana a watan Yuli.

Sauran mutum 11 ɗin su ne aikin da ke gabanmu, domin ba tare da sake awo ba babu ɗalibin da zai san ko jinyarsa ta ci. Na raba lambobin wayarsu ga waɗanda suka yi musu aiki, da sharaɗin kowa ya kira nasa kafin Alhamis ya rubuta amsar da aka ba shi kalma da kalma. Zuwa la'asar an riga an gano lamba uku ba sa shiga, ɗaya kuma ta maƙwabci ce, wanda ya yi alkawarin isar da saƙo idan mutumin ya dawo daga kasuwar Giwa.